Nukiliya a Takarda, Sola a Kan Rufi

Duk lokacin da aka ji a rediyo cewa wata gwamnati a yankinmu ta sa hannu a yarjejeniyar gina tashar lantarki ta nukiliya, martanin jama'a ba ya wuce kashi uku. Akwai mai cewa a kawo ko ta mece ce, in dai fanka za ta juya a watan azumi. Akwai wanda da ya ji sunan sai bam ya faɗo masa a rai, ya ce Allah ya raba mu da abin da ya fi ƙarfinmu. Na ukun shi ya fi yawa, kuma ba ya ko ɗaga murya. Dariya yake yi, ya ce mutanen da transfomar unguwa ke ƙonewa a hannunsu ta yi wata uku sai an yi karo-karo, su ne za a damƙa wa nukiliya?

'Yan boko sun saba ɗaukar irin wannan magana a matsayin rashin wayewa. Ni kuwa a ganina mutumin nan na uku ya fi yawancin masu rubuta takardun manufofi kama bakin zaren. Bai san yadda ƙwayar zarra ke rabewa ba, amma ya san waɗanda za su riƙe makullin, kuma nan ne nauyin tambayar yake.

Abin da ke faruwa a cikin tashar bai kai sunansa ban tsoro wuyar ganewa ba. Ƙwayoyin ma'adinin yuraniyom ne ke rabewa a cikin wata tukunyar ƙarfe mai kauri, rabewar ta fitar da zafi, zafin ya tafasa ruwa, tururin ya juya farfelar injin da ke samar da wuta. Daga tururin zuwa gaba, babu wani bambanci da tashar gawayin kwal. Inda aikin yake shi ne wajen shirya makamashin. A yuraniyom ɗin da ake haƙowa, nau'in da ke rabewa cikin sauƙi bai kai kashi 1 cikin 100 ba, don haka sai an tace shi ya kai kashi 3 zuwa 5 kafin yawancin tashoshi su iya aiki da shi. Mai son bam sai ya kai shi wajen kashi 90. Injinan da ke yin tacewar farko su ne ke yin ta biyun, shi ya sa duniya ta sa wa Iran ido haka, kuma shi ya sa ƙasashen da ke da masana'antar tacewa 'yan ƙalilan ne.

Mutane da yawa ba su san cewa tun 2004 akwai tukunyar nukiliya da ke aiki a Zariya ba, a Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ƙarama ce, ƙirar China, ƙarfinta wajen kilowat 30, kuma ba ta ba ko gida ɗaya wuta. Aikinta gwada ƙasa da duwatsu da abinci don a gano sinadaran da ke ciki, da horar da ɗalibai. A 2018 aka sauya mata makamashi, aka mayar wa China tsohon wanda tacewarsa ta kai ta haɗa makami, aka zuba mata mara haɗari. Shekara 20 da ɗoriya mutanen Samaru na kwana kusa da ita suna tashi lafiya. Wannan ya isa amsa ga mai cewa baƙar fata ba zai iya riƙe irin wannan ilimi ba. Sai dai bai amsa tambayar mai dariyar nan ba, domin shi ba ƙwaƙwalwar malaman jami'a yake shakka ba. Ɗakin gwaji ɗaya mai ma'aikata kaɗan, wanda Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ke leƙawa a kai a kai, daban yake da tashar da za ta ci biliyoyin daloli ta bi ta hannun minista da ɗan kwangila da kwamitin majalisa.

A Nijar maganar ta fi zafi, domin can abin a ƙarƙashin ƙafafunsu yake. Tun 1971 kamfanin Somair ke haƙar yuraniyom a Arlit, Cominak kuma ya bi baya a Akokan daga 1978 har aka rufe shi a watan Maris na 2021. A 2022 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yuraniyom ɗin da Tarayyar Turai ta saya daga Nijar ya fito, alhali mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da lantarki a ƙasar. Abin da ya fi ɗaure kai ma, wutar da ma'adinan kansu ke aiki da ita daga gawayin kwal take zuwa, daga tashar Sonichar da ke Anu Araren. Niamey da Dosso da Maraɗi da Damagaram kuwa sun daɗe suna dogaro da layin da ya tsallako daga Najeriya, wanda ya riƙa kawo wajen kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar. Da aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta katse layin a farkon Agusta bisa takunkumin ECOWAS, ba a mayar ba sai a Maris na 2024. Wanda ya yi watannin nan yana kwana a waje saboda zafi, firjinsa ya koma kwabar ajiye kwanuka, ba ya buƙatar a yi masa lacca kan alaƙar wuta da siyasa.

Daga nan ne maganar nan ta samo ƙarfi, wadda ake ji a kowace fada: da arzikinmu ake haska Faris, mu muna cikin duhu. Ɓacin ran gaskiya ne, kuma shi gwamnatin soja ta hau ta ƙwace lasisin ma'adinin Imouraren daga kamfanin Orano na Faransa a Yunin 2024, ta kuma mayar da Somair mallakar ƙasa a Yunin 2025. Amma akwai rabin da ba a faɗa wa jama'a. Abin da ke fita daga Arlit gari ne mai launin rawaya a cikin ganguna, wanda ba ya kunna ko tocila sai ya bi ta masana'antar sarrafawa da ta tacewa da ta ƙera sandunan makamashi, duk a ƙasashen waje. Kuma kuɗin yuraniyom ɗan ƙaramin kaso ne a farashin wutar nukiliya. Ginin tashar da ruwan bashin da aka gina ta da shi su ke cinye kuɗin. Faransa ta rufe ma'adininta na ƙarshe a 2001, amma wajen kashi biyu cikin uku na wutarta daga nukiliya yake. Kazakistan ta fi kowa haƙo ma'adinin a duniya, amma mafi yawan wutarta daga kwal take. Mallakar ramin yana iya kawo kuɗi in an iya ciniki. Wuta kuwa wata hanya ce daban.

Tsoron ma yana da tushe, kuma tushen ya girmi yawancin masu jinsa. Ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, a tsakiyar hunturu, lokacin da iskar arewa ke kwaso ƙura ta sauke mana. Bayan gwaji na uku gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗa da Faransa a Janairun 1961, ta kori jakadanta. Wato farkon haɗuwar yankin nan da nukiliya da bam aka yi ta, kuma ba a nemi shawarar kowa ba. A Arlit, ƙungiyar Aghir in'Man ta mazauna garin da cibiyar binciken CRIIRAD ta Faransa sun nuna cewa ƙarafan da suka fito daga ma'adinai masu ɗauke da burbushin guba sun shiga kasuwa, mutane sun yi rufi da kayan gida da su, an kuma cike wasu tituna da duwatsun ramin. A bayan Cominak an bar tulin miliyoyin tan na dusar ma'adini. Ka haɗa wannan da sharar guba da aka jibge a garin Koko na kudancin Najeriya a 1988, da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, wanda dafinsa ya biyo mu har zuwa ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Jita-jitar da aka yi ta yaɗawa a 2020 cewa turakun 5G ne ke kawo korona shirme ce tsagwaronta, amma ƙasar da ta tsiro a kai an daɗe ana yi mata taki.

Duk da haka, in za a yi adalci, nukiliya ba ta cikin hanyoyin samar da wuta da suka fi kisa. Hatsarin Chernobyl na 1986 ya kashe ma'aikata da 'yan kwana-kwana kimanin 30 cikin watannin farko, ya jawo cutar dajin maƙoshi ga dubban yara, ya kuma tashi garuruwa har yau ba a koma ba. A Japan a 2011, igiyar ruwan teku ce ta kashe sama da mutum 15,000. Tashar Fukushima kuma ta raba fiye da mutum 100,000 da gidajensu. Manyan masifu ne. Amma hayaƙin kwal da dizal yana kashe mutane kullum ba tare da an buga a jarida ba, mu kuma nan muna da namu a tsakar gida. Kusan kowace damina sai an ji labarin iyalin da suka shigar da janareta cikin soro ko lungun ɗaki saboda ruwa ko ɓarayi, aka wayi gari aka fasa ƙofa aka tarar da gawarwakinsu. Babu wanda ya taɓa yin zanga-zanga a kan janareta. Mun san shi, mu muka sayo shi, mu muke ja masa igiya, shi ya sa ba ya ba mu tsoro.

Ko a Turai ba lissafi kaɗai ke yanke hukunci ba. Faransa ta rungumi nukiliya gaba ɗaya a 1974 bayan tashin farashin mai. Maƙwabciyarta Jamus, mai injiniyoyin da ba su gaza nata ba, ta yanke shawarar fita bayan Fukushima, ta kashe tashoshinta uku na ƙarshe ranar 15 ga Afrilun 2023, a daidai lokacin da take kukan rashin iskar gas ta Rasha. Kogi ɗaya ya raba su, amma masu zaɓensu ba abu ɗaya suke tsoro ba.

A namu yankin, yarjejeniyar nukiliya ta zama wata hanyar aika saƙo. Burkina Faso ta sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha a Oktoban 2023, kuma kowa ya gane da wa ake magana. Najeriya ta kafa dokar hukumar makamashin nukiliyarta tun 1976, ta ƙulla yarjejeniya da Rosatom a 2017, har an ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom a matsayin wuraren da za a gina, amma ko tubali ba a aza ba. Mai saurare ya san irin wannan tafiyar. Ya san masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, wadda aka fara da Tarayyar Sobiyet a 1979 kuma har Sobiyet ɗin ta rushe ba ta fara narka ƙarfe yadda aka tsara ba. Ya san tashar lantarki ta Mambilla mai megawat 3,050 da aka yi shekara da shekaru ana kaɗa mata ganga. Kuma nukiliya aiki ne da ke kayar da masu kuɗi da tsari ma: tukwane biyu da Amurka ta ƙara a tashar Vogtle sun makara da shekara bakwai, kuɗinsu ya haura dala biliyan 30.

A ce ma an samu kuɗin, an samu masu amana. Sai a zo kan wayoyi. Wutar da ke bin babban layin Najeriya, ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, tana yawo ne tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000. Tukunya ɗaya irin wadda Rasha ke sayarwa tana ba da 1,200. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce kada inji guda ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin layin duka, domin ranar da ya tsaya ba zato, ragowar su iya ɗaukar nauyin. A nan tukunya ɗaya za ta zama kusan rubu'in wutar ƙasar; ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan. Kuma dogaron ta fuska biyu ne, domin ko an kashe tukunyar, makamashin cikinta yana ci gaba da fitar da zafi, sai famfunan sanyaya shi sun samu wuta daga waje. Rashin wannan wutar, bayan ruwa ya cinye janaretocin ko-ta-kwana, shi ya narkar da Fukushima. Mu kuwa babban layinmu ya faɗi sau da dama a 2024 kaɗai, kuma a Oktoban shekarar yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna a dajin da masu gyara ba sa iya shiga saboda 'yan bindiga. Ana yawan kawo ƙananan tukwane na zamani a matsayin mafita, kuma wataƙila wata rana su zama, amma masu aiki a duniya yau ba su da yawa, kuma aikin kamfanin NuScale da Amurka ta fi sa wa rai an soke shi a Nuwamban 2023 saboda tsada.

Yayin da ake wannan, jama'a sun riga sun yanke nasu hukuncin a kasuwa. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai a Najeriya, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, ta wuce 1,000 kafin ƙarshen 2024. A Afrilun 2024 aka ninka kuɗin wuta fiye da sau uku ga 'yan rukunin farko da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga wajen naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit. A daidai lokacin kuma farashin farantin sola ya karye a duniya saboda masana'antun China sun yi masa ambaliya. Shiga kowace kasuwar kayan wuta ka tsaya minti goma, ga farantai a jingine da bango, ga batura a jere a ƙasa, yaron shago na gwada inbata da ƙwan fitila ɗaya.

"Alhaji, me da me kake so ya ɗauka?"

"Fanka biyu, fitilu, da firjin Hajiya."

"To firjin nan shi ne maganar. Sai ka ƙara batir, in ba haka ba kafin asuba zai yi ƙara ya ɗauke."

"Ɗan wace ƙasa ne?"

"Duk na China ne, ranka ya daɗe, sai dai akwai China, akwai China."

Alhajin nan bai karanta rahoton sauyin yanayi ba, kuma ba don ya ceci duniya ya zo ba. Ya lissafa abin da janareta ke sha a wata, ya ga cikin shekara biyu ko uku kuɗinsa za su dawo, sannan babu mai zuwa da tsani ya yanke masa waya. Haka mai cajin waya a bakin tasha, da manomin rani da ya ajiye injin fetur ya sa famfon sola a bakin rijiya, da masallacin unguwa da ya gaji da karɓar kuɗin mai bayan sallar isha'i. Kowannensu ya yi daidai a lissafin gidansa, kuma da ni ne a matsayinsu abin da zan yi ke nan.

Amma in aka tara waɗannan shawarwari masu kyau wuri ɗaya, sai su haifi wani abu da babu wanda ya nufa. Waɗanda ke fita daga layin gwamnati su ne masu iya biyan bil: attajirai, bankuna, otal-otal, manyan masana'antu. Waɗanda suka rage su ne masu ɗaki ɗaya da tela da mai walda, da yawansu ba su da mita, ana kawo musu bil na ƙiyasi, su kuma suna ganin biyan kuɗin wutar da ba su sha ba zalunci ne. Kamfanonin rarrabawa su kasa tara kuɗi, su kasa biyan masu samarwa, waɗanda yanzu haka ke bin bashin tiriliyoyin naira. Kuma mai faɗa a ji, da zarar rufinsa ya cika da farantai, ya daina sanin ko an kawo wuta ko an ɗauke, balle ya ɗaga waya ya kira wani. Abin da ya faru da makarantar gwamnati da ruwan famfo shi ke faruwa da lantarki: kowa tasa ta fisshe shi. Tashar nukiliya kuwa ana gina ta ne da bashin da za a biya cikin shekaru da dama daga aljihun miliyoyin mutanen da ke kan layi ɗaya suna biyan bil duk wata. Kullum muna ƙara nisa da wannan sharaɗin, da hannunmu, faranti bayan faranti.

Ba kuma za a ce sola ta gama magana ba. Ba ta aiki da dare sai da batir, ƙurar hunturu na rage mata ƙarfi, kuma ɗaukar injinan masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano ko manyan injinan casar shinkafa dare da rana ya fi ƙarfin abin da ake kafawa a kan rufi. Kusan komai nata da dala ake shigo da shi, don haka wanda ya gudu daga dogaro da Faransa ko Rasha ya faɗa hannun China ne. Tana da nata shara kuma. Baturan dalma da ke mutuwa bayan 'yan shekaru suna ƙarewa a hannun 'yan gwangwan, a fasa su da guduma, a zubar da ruwan a ƙasa, a narka dalmar a fili kusa da gidaje. Wanda ya tuna yaran Zamfara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010 ya san abin da wannan ƙarfe ke yi wa jinin yaro. Muna fargabar sharar nukiliyar da ba mu da ita, wannan kuwa tana ƙaruwa a bayan kasuwanninmu babu mai ƙirga ta.

Ban ga dalilin da zai sa a rufe ƙofar nukiliya har abada ba. A bar Zariya ta ci gaba da horar da mutane, a ƙarfafa hukumar da ke sa ido kan nukiliya har ta iya ce wa minista a'a. Amma aiki yana da jeri, kuma Masar ta nuna shi. Kafin ta zuba kankaren farko a El Dabaa a 2022, inda Rosatom ke gina mata tukwane huɗu masu megawat 1,200 kowace da bashin dala biliyan 25 daga Rasha, sai da ta ƙara megawat 14,400 na iskar gas daga tashoshi uku tsakanin 2015 da 2018, ta faɗaɗa manyan layukanta, ƙarfin tashoshinta ya doshi megawat 60,000. A kan irin wannan layi tukunya ɗaya kashi 2 ce cikin 100. Duk da haka Alƙahira ta sha ɗauke wuta a 2023 da 2024 saboda ƙarancin gas da na dala, kuma biyan bashin Rashar yana nan gaba yana jiran ta.